Sarƙar Keke a Ƙugun Modu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauke ku Maiduguri lafiya, kai da direba da duk wanda ke cikin motar. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da abokan zama na gari. Amin.

Na cusa ta cikin jakarka ƙarƙashin darduma, don na san in na miƙa maka hannu da hannu za ka ce, "Baba, wani wasan ne kuma?" ka kaɗa ta ka ga ko ƙadangare zai faɗo. Ban ga laifinka ba, ni na saba muku da haka. To wannan karon ba wasa. Rubutun ma ka yi haƙuri da shi, ka san allo na yi, bokon a jikin motoci da waya na tsinto shi.

Shekaranjiya ka shigo gida da abin nan da ka saya, sarƙar kulle keke mai rigar yadi, wadda ake ɗaurawa a ƙugu kamar bel. Ka ɗaura ta, ka danna kwaɗon ya ce ƙas, ka saki riga a kai, ka juya gaban Ummanka kana cewa, "Umma duba, ko alama ba a gani." Ni kuwa na ce, "Jama'a ku zo ku ga bijimin da ya ɗaure kansa da kansa." Kowa ya yi dariya har kai. Sai na tashi na fita zaure. Kun ɗauka wani ne ya yi sallama. Ba kowa. Fuskata ce ban so ku gani ba.

Abin da nake roƙonka guda ne. Kada ka kulle sarƙa a jikinka, kuma kada ka rufe ta da riga. Da a ce kai mai ji ne ba tambaya, da nan zan ajiye biro. Amma na san ka, jinina ne kai, sai ka ji dalili. To ga dalilin, kuma ba mai daɗi ba ne.

Kana ɗan ƙarami aka hana hawa babur a garin nan, lokacin tashin hankali. Ba za ka tuna da yawa ba. Wataƙila ka tuna ba ma barinku zuwa kasuwa, kuma Ummanka ba ta iya cin abinci sai ta ji sallamata. Potiskum kaf ta koma keke. Alhazan da rabonsu da feda tun suna samari, sai ga su da babbar riga suna tangaɗi a titi, mu muna rumfa muna ba su hanya da baki: "A hankali Alhaji, katangar ba ta yi maka komai ba!" A cikin wannan baƙin cikin, abin dariyar da ya rage mana ke nan. Ɓarayi ma suka koma keke tare da mu.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Ina da sarƙa, tsohuwar sarƙar ƙofar shago mai nauyi, da kwaɗo babba. Kariyar kekena kullum cike take da igiyar shanun da nake kaiwa kara, wato kasuwar shanu, babu inda zan sa ta. In na naɗe ta a kan keken tana bugun gwiwata, tana ƙara, karnuka suna bina. Sai na riƙa barinta a gida, ina cewa ai yanzu zan dawo. Wata Juma'a na jingine keken a jikin dalbejiya, na shiga sahu. Aka sallame, na fito, dalbejiya na nan, keke ya tafi. Har na tsaya ina dariya ina duba fuskokin mutane, na ɗauka wani ne cikin waɗanda nake tsokana ya rama. Na jira har masallaci ya watse. Ba wanda ya rama. A ƙafa na dawo gida.

Don haka ban ce ka jefar da sarƙarka ba. Sarƙar da aka bari a gida ba ta tsare komai, kuma kai baƙo ne a can, keken nan shi ne ƙafarka tsakanin masauki da makaranta. Ka kulle shi ko ruwa za ka shiga sha. Ka zura sarƙar ta ƙarfen jikinsa da ƙafar baya, ka haɗa da abin da ba ya ɗaguwa, falwaya ko ƙarfen shinge. In ka kulle ƙafar gaba kawai, ƙafar gaba za ka tarar.

Da na sami wani keken na rantse ba zan ƙara rabuwa da sarƙa ba. Nan na fara ɗaura ta a ƙugu. Ni na kawo wannan yayin layin rumfunanmu, har ina alfahari da shi. Kuma gaskiya tana da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Hannunka biyu suna sake, ba ka mantawa da ita, ba ta ƙara, nauyinta ma ba ka jinsa kamar in tana jaka. Duk abin da ka gaya wa Ummanka na amfaninta, ni na riga ka faɗa wa mutane. Abu ɗaya ya dame ni, in ina tuƙi kwaɗon yana tokarin marata. Sai na juya shi baya, daidai tsakiyar gadon bayana, na danna.

Wata rana ina dawowa daga Danchuwa da lodin rama, akuya ta gitta, na taka birki cikin rairayi, ƙafar gaba ta kafe. Faɗuwar ba wata babba ba ce, ta rairayi ce, wadda yaro zai tashi ya kaɗe riga. Amma ni da baya na sauka, a kan kwaɗo. Abba, na ga wani farin haske, ƙafafuna suka ɗauke, na kwanta ina kallon sama ina kiransu ba sa amsawa. Wani mai amalanke ya kwaso ni. Allah ya taimake ni ƙafafun suka dawo, amma na yi makonni ina sallah a zaune. Ciwon bayan nan da kake ji ina ƙorafi duk damina, wanda nake ce muku ku ne kuka hau ni kuna yara, ƙarya nake. Kwaɗo ne.

Ƙarfe ba ya lotsawa, kai ne za ka lotsa. Duk inda ka sa kwaɗo a jikinka, ka ɗauka a kan wurin za ka faɗi, sannan ka tambayi kanka ko wurin zai ɗauka. Ƙashin baya ba zai ɗauka ba. Ƙashin ƙugu ma haka.

Kakanka, wanda ka ci sunansa, yana da rai a lokacin. Ya zo duba ni, ya ɗauki sarƙar daga gefen tabarma yana juya ta. Ya ce, "Hamisu, tun kana tsayin sandata kake bina kara. Ka taɓa ganin na ɗaure bijimi da ƙullin da ba zan kunce da fizga ɗaya ba?" Na ce a'a. Ya ce, "In ya faɗi fa? In igiyar ta shaƙe shi? In gobara ta tashi? Za ka ce ya jira ka je neman wuƙa? Kai da kake sayar da igiya, ka ɗauki kanka ka yi wa ƙullin da ba ka yi wa dabba." Na ce, "Baffa, ai ni ba sa ba ne." Ya ce, "Ƙwarai, sa ya fi ka hankali." Ya ajiye ya fita.

Na ji maganarsa rabi. Na dawo da kwaɗon gefe, na daina dannawa, sai dai in saƙala shi. Na koya wa kaina, amma ban koya don wani ba. Ga inda maganar take zuwa ke nan.

Ka san Baba Modu. Ka san shi da rumfar kanwa da gishirin shanu, da hannun dama da ba ya miƙewa, da kunnen hagu da ba ya ji. Kun taso kuna jin an ce a kasuwa ya ji ciwo lokacin tashin hankali, ba wanda ya ƙara muku komai. Ba ka san shi da ba. Modu shi ne mai loda shanu a manyan motoci. Bijimin da ya gagari mutum huɗu, Modu ake kira, ya kama ƙaho ya murɗe wuya, sai ka ga sa yana hawa kamar amarya. Ɗan Goggo ne, ƙanwar Baffa, ubansa kuma Babarbare. Ka ga wasa biyu ke tsakaninmu, ga na taubasantaka ga na Fulani da Barebari. Duk abin da na yi masa ba shi da ikon fushi, duk abin da ya yi min ba ni da iko. Na taɓa ɗinke masa ƙafar wando ana gobe Sallah. Shi kuma ya taɓa gaya wa mutanen Nangere na rasu, suka cika mota suka zo ta'aziyya suka tarar ina shan fura.

A wurina ya koyi ɗaura sarƙa. Shi da yake ɗan gayu ne, ba ya son mai da tsatsa su ɓata masa kaftani, sai ya zura sarƙar cikin tsohuwar robar cikin taya, ta zama baƙa mai kauri, ya ɗaura ta kan singileti ya saki kaftani a kai. Kwaɗon a gaba, saƙale, ba ya dannawa. Mukullin kuma a naɗin hularsa yake cusa shi.

Ran nan da azahar ya zo rumfata zai yi alwala.

"Fulata, miƙo buta."

"Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa?"

"Tun ranar da ubangidan ya fara sayar da igiya. Miƙo, Ya ta aike ni kasuwar hatsi, gero ya ƙare." "Ya" yake ce wa Goggo, irin kiran uwa na Barebari.

Na miƙa masa. Da ya zo shafar kai ya cire hular ya ɗora min a gwiwa, ya ce, "Riƙe, aikinka ne." Na riƙe. Yatsana ya ji mukulli. Wallahi ban shirya ba, abin a nan take ya zo min, kamar yadda yake zuwa maka kai ma, na sha gani a idonka. Na zare shi na sa aljihu. Muka yi sallah. Da ya miƙe zai hau keke na cafke shi ta baya kamar zan kayar da shi, na lalubo kwaɗon ta kan riga na danna. Ƙarar ta ɓace cikin dariyarsa. Ya watsar da ni da hannu ɗaya, ya ce, "Ƙashin kindirmo! Je ka ci tuwo ka dawo."

Abin da na hango shi ne zai isa kasuwar hatsi, ya zo kulle keke ya ga shi ne a kulle, ya laluba hula ba mukulli, ya dawo yana zagina. Ni kuma in ce sai ya durƙusa gaban jama'a ya ce ranka ya daɗe sannan in buɗe shi. Iyakar abin ke nan. Ban gaya wa kowa ba, ina zaune ina murza igiya ina dariya ni kaɗai. Ko sau ɗaya ban tuna da ƙofar kasuwa ba. Ni da nake bi ta wurin kullum.

A kwanakin nan duk wanda zai shiga kasuwa sai ya sauka daga keke tun daga nesa, ya tsaya, ya ɗaga riga a gani. Matasan kasuwa ne suke tsaron, da gora a hannu. Kuma ka san dalili, masu ɗaura bam a jiki. Babu wanda ke tsaye a ƙofar nan da bai binne wani nasa ba. Modu kullum kafin ya isa yake zare sarƙar ya rataya a kan keke. Ranar ya ja ta ƙi. Layi ya matso da shi, aka ce ɗaga riga. Ya ɗaga.

Ni ban gani ba. Wani dattijo mai facin keke a bakin ƙofar, Baba Gimba, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce abin da mutane suka gani shi ne ƙaton mutum, da baƙin abu mai kauri naɗe a cikinsa, da dunƙulen ƙarfe a gaba. Aka ce, "Cire! Jefar!" Yana ja, ba ta fita. Yana cewa sarƙa ce, ba mai jinsa. Ya kai hannu hula, babu. Ya kai hannu aljihu, yana nema ko can ya sa. Wannan kai hannun aljihun shi ne ya gama komai. Wata ta ƙwala ihu, kasuwa ta fashe, aka tattake wata tsohuwa mai gyaɗa har ƙafarta ta karye. Waɗanda ba su gudu ba suka rufe shi ta baya. Suka sauke masa gora a hannu, don kada ya kai ga aljihun. Gora a kai. Da ya faɗi, ƙafa da dutse. Baba Gimba ne ya gane robar, aikinsa ke nan, ya kutsa yana ihu, "Sarƙar keke ce! Ɗan Goggo Hauwa ne, mai loda shanu!" ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa. Shi ma ya sha biyu a baya kafin a tsaya.

Har yau ban taɓa ganin laifin yaran nan ba. Sun ga abin da suka gani. Ni na shirya musu shi, na aika musu.

Abba, ka tsaya nan ka numfasa, don abin da ya biyo baya ya fi wannan muni, kuma shi ne ban taɓa faɗa wa ɗana ba.

Labari ya iso kara, na ruga asibiti. Na tarar da shi kan gado, fuskar ba ta ganuwa, Goggo tana bakin ƙofa ba mayafi. Tana ganina ta kama hannuna ta ce, "Hamisu, ɗan'uwanka, Hamisu." Wata ma'aikaciyar jinya ta ce haƙarƙarinsa sun karye, cikinsa yana kumbura, sarƙar tana ƙara matse shi, ba za su iya komai ba sai an cire ta. Ta ɗaga murya ta ce, "Ina mukullin? Wa ke da mukullin?" Wani ya ce a hula yake sa shi, hula kuwa ta ɓace a turmutsutsu. Kowa ya ce wayyo.

Hannuna ɗaya yana hannun Goggo. Ɗayan yana aljihu, na damƙe mukullin har ya huda min tafi. Taku uku ne tsakanina da gadon. Ban fito da shi ba.

Aka aika aka kira mai walda da zarton ƙarfe. Sarƙar ƙofar shago ce irin tawa, ba ta yankuwa da wuri. Aka cusa katako tsakaninta da fatarsa, aka ce a riƙe shi kada ya motsa. Ni na riƙe ƙafafunsa. Duk jan zarto ɗaya sarƙar tana girgiza a kan karyayyen ƙashi, Modu yana wani irin nishi da ban taɓa jin bijimi ya yi ba, balle mutum. Aka kira la'asar muna nan. Ina riƙe da ƙafafunsa ina cewa, "Sannu, sannu, an kusa," mukulli yana aljihuna.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni. Tsoro ne kawai. Tsoron idon Goggo, tsoron a ce ni ne, tsoron a tafi da ni a tambaye ni abin da ban san amsarsa ba, a lokacin da in an tafi da mutum ba a san ranar dawowa ba. Da farko na ce bari ta ƙara tambaya sau ɗaya. Da mai walda ya iso na ce ai yanzu in na fito da shi za a ce me ya sa tun ɗazu ban fito da shi ba. Kowane minti da na ƙara yana sa na gaba ya fi wuya. Haka abin yake tafiya, ka sani tun yanzu. In ka yi ɓarna kuma maganinta yana hannunka, ka fito da shi a tambayar farko, a mare ka, a zage ka, a gama. Ba za ka sami lokacin da ya fi wannan sauƙi ba.

A hanyar gida na jefa mukullin a kududdufi.

Sai da damina biyu ta wuce na iya tunkarar Modu da maganar. Lokacin ya buɗe rumfar kanwa, don loda shanu ya ƙare masa. Na zauna ta gefen kunnensa mai ji, na ce, "Modu, akwai maganar da zan gaya maka." Bai ɗago ba, yana fasa kanwa da hagu. Ya ce, "Ta mukulli?" Sai ya ɗago. Ya ce, "Wa na ba hulata ya riƙe? Kai Fulata, kai kaɗai ne mai wayo a duniya?" Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "In faɗa wa wa? Ya ta tsine wa ɗan wanta, ta mutu da wannan a ciki? Ɗaya ya lalace, bai isa ba?" Sannan ya ce, "Danna kwaɗon wasa ne. Da ni na riga ka tunawa da ni zan yi maka. Wannan tun a gadon asibiti na yafe. Zarton ne ya ɗauke ni lokaci." Na ce, "Ka yafe shi?" Ya ce, "Ina kai. Miƙo min ma'aunin can."

Goggo ta rasu ba ta sani ba. Baffa ma. Ummanka ta sani, ita na fara gaya wa. Yanzu kai ne na uku.

Za ka ce to ya aka yi ban daina wasa ba. Na daina, na yi watanni ba na tsokanar kowa. Modu ne ya zo ya ce, "In ka daina kirana bawa, ka mayar da ni musaki ke nan. Ka ci gaba da iskancinka." Na ci gaba. Amma in ka lura, tun da ka yi wayo ba ka taɓa ganin na yi wa mutum wasan da zai bi shi ya bar gabana ba. Gishiri a shayi, ɓoye takalmi ɗaya, nan take a yi dariya a gama ina kallo. Kai ma ka riƙe wannan, don ka gaji halin, kuma za ka zauna ɗaki ɗaya da yaran da ba taubasanka ba, ba ka san abin da suka gani a rayuwarsu ba. Kada ka kulle wa mutum komai. Kada ka ɗauke masa mukulli, ko katin shaida, ko waya, ka bar shi ya fita. Ba ka san ƙofar da zai tarar a gaba ba. Kuma naka mukullin kada ka ba kowa riƙo, ko wanda ya fi kowa sonka. Ni ma ina son Modu.

Yanzu maganar taka sarƙar. Da ka tafi masallaci na ɗauke ta na duba. Ta fi tamu, ba ƙarya. Rigar yadin ba za ta ɓata maka kaya ba, ba ta kuma cizon fata. Sannan na ga abin da kai ba ka kula da shi ba, ko ka kula ka raina. Tana da maɓallinta daban, na ɗaurawa a ƙugu, wanda yatsa biyu ke ɓalle shi. Wanda ya ƙera ta ya san abin da kakanka ya sani, ya raba wurin ɗaurawa da wurin kullewa. Kai kuma ka tsallake maɓallin ka danna kwaɗo, na ji kana ce wa ƙanwarka wai maɓallin yana sassautawa. Bar shi ya sassauta. Ka tsaya ka gyara sau goma a hanya.

In son raina ne, ka naɗe ta ƙarƙashin sirdi, ka ɗaure da roba, ƙugunka ya huta. Keke ya ɗauki kayansa. In ka ga lalle sai ka ɗaura, to da maɓalli, a kan riga inda kowa zai ga mene ne tun daga nesa, kwaɗon ya koma gefen ciki inda akwai nama, kada ka bar wutsiyarta tana lilo ta shiga wayoyin ƙafar keke ko ta kama jikin Keke Napep a cunkoso. Kada ka rataya ta a wuya ko ka saɓa ta a ƙirji. Kuma kafin ka isa kowace ƙofa da ake bincike, ta makaranta, ta tasha, ta masallacin Juma'a, ka sauka tun da nisa ka cire ta ka rataya a kan keke. Na san an sami sauƙi yanzu, alhamdu lillahi. Amma mutanen da za ka je cikinsu sun ga abin da ya fi namu, kuma ido bai manta ba. A nan an sami wanda ya ce ɗan Goggo Hauwa ne. A can wa ya san ka?

Ban yi niyyar rubuta wannan ba. Na so in bar shi a wasan bijimi, in ce Allah ya tsare. Jiya da hantsi ka wuce ta gaban rumfar Baba Modu a kan keke, ka ɗaga masa hannu, iska ta manna maka riga a ciki. Bai jira an tashi kasuwa ba. Ya bar kanwarsa ya zo ya tsaya a kaina, ba sallama, ba Fulata. Ya ce, "Hamisu." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. Ya ce, "Za ka gaya masa, ko in ɗaga riga in nuna masa?" Na ce zan gaya maka ka daina. Ya ce, "Ba zai ji ba, ɗanka ne. Ka gaya masa duka. Har zarton."

To na gaya maka duka. Na san abin da na saka a kasada. Kai kake fara dariya in na buɗe baki, kai kake ba abokanka labarin Babanka. Wataƙila in ka dawo hutu za ka gaishe ni ka sunkuyar da kai ka wuce ɗaki. In haka ta faru zan ɗauka, na ci bashin abin da ya fi haka. Ka dawo min da hannu biyu da kunne biyu, ko da ba ka ƙara yi min dariya ba.

In ka karanta, ba sai ka ce min komai a kai ba. Ka kira Baba Modu, ka ɗaga murya sosai, ka ce masa ka cire. Shi yake jira.

Allah ya yi maka albarka, ya buɗe maka karatu, ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya raba ka da firgicin jama'a da wasan da ke zama kuka. Ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ummanka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe sallah a kan lokaci. Ni kuma ka sa ni a addu'a.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamisu mai igiya
Potiskum